A ina 'yan fim ke kwana? Darasin wani masauki a Ƙofar Rini

Daga wakilin mu

MAI karatu, idan ka na kallon fim ka ga jaruma ta fito daga ɗaki fes da ita, ta sha kwalliya ta na taku ɗaya-ɗaya, ka taɓa tambayar kan ka a ina ta kwana daren jiya? Ta samu ruwan wanka kuwa? Ta runtsa, ko sauro ne ya kwana ya na yi mata waƙa? Kyamara dai ba ta nuna wannan. Amma ka tambayi duk furodusan da ya taɓa kwasar mutane ya kai su wani gari aiki, zai faɗa maka cewa masauki na iya gyara fim, ya na kuma iya kashe shi tun kafin a ɗora kyamara.

Na ga haka da ido na a Sakkwato, lokacin da na bi wata tawagar 'yan fim daga Kano domin in ɗauko maku rahoton lokeshin. Rahoton da na tafi nema daban, wanda na dawo da shi daban.

Mun bar Kano da sanyin safiya a cikin bas ɗaya da ƙaramar mota, mu kusan ashirin, har da mata biyar. Tafiyar ta haura kilomita 500, ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, kuma hanya ce da mai hankali ba ya son dare ya yi masa a kan ta. Watan Afrilu ne. Wanda ya san Birnin Shehu a tsakanin Maris da Mayu ya san abin da na ke nufi: zafi kan wuce digiri 40, iskar da ke shigowa ta tagar mota ma kamar daga bakin tanda ta ke fitowa.

Duk da haka hankalin furodusa a kwance ya ke, domin ya riga ya kama gida. Tun mu na hanya ya ke miƙa mana waya mu na kallon hotunan: falo mai tayil, kujeru 'yan waje, esi a kowane ɗaki, har da fulawoyi a tsakar gida. A waya ya haɗu da dillalin, a waya su ka yi ciniki, a waya ya tura rabin kuɗin.

GIDAN HOTO

Mun isa ana kiran magariba. Gidan na nan a wata sabuwar unguwa a bayan gari, kuma gaskiya ginin shi ne na cikin hoton. Sai dai hoto ba ya nuna famfon da ya bushe. Tankin sama ko ɗigo babu. Esi na nan manne a bango, amma mita ba kati, janareta kuma an ce ya na wurin gyara. Katifu huɗu mu ka tarar, alhali an yi alƙawarin goma. Aka kira dillali, waya a kashe. Shi kuwa maigadin, da ya ga ana sauke fitilu da ƙafar kyamara, sai ya ce shi ba a gaya masa 'yan fim ba ne, kuma mai gidan ya hana a ba 'yan fim.

Haka mu ka kwana a tsakar gida, mata a cikin bas da tagogi a buɗe. Da safe jarumar fim ɗin ta fito idanu sun kumbura, darakta ya dube ta ya ce yau babu aiki. Kwana guda ya tafi a banza. Ku kuma sani, a lokeshin ko an yi aiki ko ba a yi ba, kuɗin hayar kyamara da fitilu na tafiya, abincin mutum ashirin na tafiya, kuma babban jarumi ya riga ya ba wani furodusan ranakun da ke gaba. Furodusan mu ya zauna a kan dakali ya dafe kai. Kuɗin fim ɗin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai na yayar sa a ciki.

ME YA SA BA SU SAUKA A OTAL BA?

Na san wani zai yi wannan tambayar. Ai akwai otal-otal a Sakkwato, manya da ƙanana. Amsar ita ce lissafi. Ɗaki goma a otal na tsawon kwana tara ya isa ya cinye kuɗin ƙaramin fim. Ban da haka, otal ba zai bar ka ka ɗora tukunyar mutum ashirin ba, ba zai so a riƙa shiga da fita da kaya da tsakar dare ba, sannan tara mutanen da su ka warwatsu a ɗakuna daban-daban da asuba aiki ne ja.

A da matsalar ba ta kai haka ba. Tun daga 'Turmin Danya' na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, yawancin aikin a Kano da kewayen ta ake yi, kowa ya tashi ya koma gidan su ya kwana. Da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008, da yawa su ka kwashi kayan aiki su ka nufi Kaduna da wasu garuruwan, nan 'yan fim su ka ɗanɗani zaman baƙunta sosai. Daga baya kuma finafinai masu dogon zango su ka karɓe kasuwa, musamman bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 da kuma bunƙasar YouTube, inda irin su 'Izzar So' da 'Labarina' su ka yi tashe daga 2020. Mai dogon zango ba a gama shi a kwana uku. Dole a nemi gida.

Ba 'yan fim kaɗai ba ne. Hayar gida ta 'yan kwanaki, wadda 'yan Legas da Abuja ke kira shotlet, ta zama sana'a a duniya. Kamfanin Airbnb da ya yi fice a kan ta, asalin sa wasu samari biyu ne a birnin San Francisco na Amurka, Brian Chesky da Joe Gebbia, da su ka shimfiɗa katifun iska guda uku a gidan da su ke haya a 2007, lokacin da wani taro ya cika otal-otal ɗin garin. Su ka karɓi baƙi, su ka ba su karin kumallo. A 2008 abin ya zama kamfani. Ku lura, da katifar iska su ka fara. Abin da su ka sayar shi ne tarba.

"GIDAN GA NAKU NA"

Da ɗan gari kan ci gari. A cikin tawagar akwai wani yaro Basakkwace mai riƙe fitila, wanda tun daren jiya ya ke ta kame-kame ya na jin nauyin yin magana a gaban manya. Shi ne ya matso ya ce da furodusa, "Oga, akwai wani baban mu a cikin gari, ya na da sashe da ya ke ba baƙi. Sai dai fa ba tayil." Furodusa ya ce, "Kai, ko turɓaya ce mu je!"

Ƙofar Rini ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809, 'yar'uwar su Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Kade, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku da Ƙofar Aliyu Jeɗo. Yau sunan unguwa ne mai cike da jama'a, lunguna da masallatai da makarantun allo, 'yan kabu-kabu na ta kai da kawowa. Daga nan zuwa Hubbaren Shehu ko fadar Sarkin Musulmi tafiya ce 'yar kaɗan.

Gidan tsohon gini ne mai kaurin bango, an yi masa kwaskwarima da siminti. Zaure babba, sai wani sashe na waje mai ɗaki huɗu da banɗaki biyu da 'yar rumfa, sannan ƙofar da ke shiga cikin gida wurin iyali. Mai gidan dattijo ne, tsohon ɗan kasuwar fata, ya roƙe ni kada in sa sunan sa a mujalla, don haka Baba kawai zan kira shi kamar yadda kowa ke kiran sa.

Kafin a yi maganar kuɗi, sai da aka kawo ruwan randa da fura da nono a ƙwarya. Sannan Baba ya kama hannun furodusa ya zagaya da shi ko'ina, ya na nuna masa har da aibin gidan: wannan fankar ba ta gudu sosai, wannan ƙofar sai an ɗaga ta kafin ta rufu, banɗakin can na tsuguno ne. Furodusa ya ce, "Baba, mu fa 'yan fim ne. Gara in faɗa maka tun yanzu." Baba ya yi dariya ya ce da Sakkwatancin sa, "Ɗiyana, na sani. Na ga kayan ku. Gidan ga naku na, amma ina da sharaɗi ukku."

Sharuɗɗan su ne: mata a cikin gida za su kwana wurin iyalin sa, ba kiɗa ba hayaniya bayan lisha, kuma duk wanda zai shigo wurin mu sai ya biyo ta zaure. Aka yi ciniki a gaban shaidu biyu, aka rubuta a takarda: kwana nawa, nawa ne, wa zai sayi man janareta, wa zai biya 'yan ga-ruwa idan an buƙace su, me za a yi idan an fasa wani abu. Kowa ya sa hannu. Minti ashirin ba a yi ba an gama.

WUTA DA RUWA

Bari in tsaya a nan, domin nan ne masauki ke tashi ko ya faɗi. Mu na yawan ruɗuwa da abin da ido ke gani. Alhali baƙon da ya kwaso gajiya abu uku ya ke nema kafin komai: ya yi wanka, ya yi caji, ya yi barci.

Wutar lantarki a Arewa kowa ya san halin ta. A Oktoba 2024 ma yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Man fetur kuma tun da aka cire tallafi a Mayu 2023 ya zama abin da ake aunawa da cokali. Don haka idan mai gida ya ce maka "akwai janareta", maganar ba ta ƙare ba. Wane iri? Ya na ɗaukar firiji da fanka, ko ƙwan fitila kawai? Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ake kunnawa? Man na cikin kuɗin haya ko aljihun ka zai fito? Rigimar masauki da yawa daga wannan tambayar da ba a yi ba ta ke farawa.

A gidan Baba babu esi ko ɗaya. Akwai faifan sola a kan rufi da batir da inbata, wanda ya ke riƙe fankoki da fitilu har asuba. Ga ɗan fim wannan ya fi zinariya, domin baturan kyamara da na fitilu da kwamfutar da ake juye aikin yini a cikin ta duk da daddare ake cajin su. Batir bai cika ba, gobe ba shutin. Mai ɗaukar hoton mu da ya ga jan ƙwan caja ya koma kore tun kafin ya kwanta, sai da ya yi hamdala da ƙarfi.

Ruwa kuwa, Baba ya san famfon gwamnati ba abin dogaro ba ne, saboda haka ya na da tanki a ƙasa da manyan randuna biyu a rumfa. Tun kafin mu tashi da asuba an cika bokitai an jera. Ran da tankin ya yi ƙasa, shi da kan sa ya aika aka kira ɗan ga-ruwa da kurar sa, bai jira mun zo mun yi ƙorafi ba. Shi kuma kaurin bangon nan da mu ka raina da farko, da rana tsaka ɗakin ya fi na gidan tayil sanyi nesa ba kusa ba. Da daddare maza su ka fitar da katifu tsakar gida aka ɗaura gidan sauro. Ni dai rabon da in yi barci irin wannan har na manta.

MUTUNCI YA FI KATIFA

Akwai abin da 'yan fim ke fama da shi wanda baƙon banki ko ɗan kwangila bai san shi ba, wato kallon da ake yi masu. Gaskiya ɗaya ce, har gobe akwai masu gidajen da in sun ji an ce fim sai su ce gidan an riga an kama. Mata 'yan wasa su ne abin ya fi shafa. Yarinya ta baro gidan su da izinin iyayen ta ta zo neman halaliyar ta, amma magana ɗaya daga bakin wani ɗan zaman kashe wando ta isa ta bi ta har Kano.

A nan na gane hikimar sharaɗin Baba na farko. Da aka ce mata a cikin gida za su kwana, ɗaya daga cikin su ta ɓata rai, ta ce ita ba ta saba da takura ba. Kwana biyu kacal, sai ga ta zaune a tabarma uwargidan Baba na yi mata kitso, ta na kiran ta Inna. Duk unguwar ta san inda matan nan ke kwana, saboda haka bakin kowa ya mutu.

Tun daren farko kuma Baba ya ɗauki furodusa da darakta ya kai su wurin mai unguwa su ka yi gaisuwa, ya gabatar da su ga limamin masallacin lungun bayan sallar asuba. Amfanin wannan ya fito a rana ta huɗu. Labari ya bazu cewa jarumi wane na Ƙofar Rini, kafin la'asar yara da samari sun cika lungun, wasu har da hawa katanga. Wani maƙwabci ya fito ran sa a ɓace, ya na faɗa cewa an kawo masu 'yan iska unguwa, iyalin sa sun kasa fita. Mu na ciki mu na jin hayaniya na ƙaruwa, furodusa ya fara tunanin a kwashe kaya.

Baba ya fito zaure da carbin sa, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Waɗanga baƙina na. Wanda duk ad da magana, shi taho shi ishe ni." Ya ja maƙwabcin gefe, ya ba shi haƙuri, ya amsa cewa tare hanya bai dace ba. Sannan ya shigo ya ce da jarumin, "Ɗiyana, yaran ga ƙaunar ka su kai. Ka ba su lokaci." Aka tsayar da magana: kullum bayan la'asar jarumin zai fito bakin titi, nesa da ƙofar maƙwabta, ya gaisa da masoya a yi hotuna na rabin awa, daga nan kowa ya kama gaban sa. Haka aka yi har mu ka tafi. A ranar ƙarshe maƙwabcin nan da kan sa ya aiko mana da hoce a leda.

Ka gaya mani, a wane hoto za ka ga wannan kafin ka biya kuɗi?

ABIN DA GADO NE

Na tambayi Baba inda ya koyi wannan, ya ce gidan su tun ya na yaro ba ya rabuwa da fatake. Ashe abin tsohuwar sana'a ce da mu ka manta. Kafin otal, kafin intanet, Bahaushe ya na da fatoma, wato mai masaukin 'yan kasuwa. Falke ya shigo gari da shanu ko goro, fatoma zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, kuma idan an sayi kaya bashi shi ne zai tsaya. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a 1969 da ya bayyana yadda cinikin shanu da goro tsakanin Kudu da Arewa ya dogara kacokan a kan waɗannan masu gidaje na Hausawa. Jarin su amana ce. Mai gidan da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa kowane zango.

Ita kan ta Sakkwato ta na da tarihin saukar baƙi tun daga sama. Lokacin da Baturen nan ɗan yawon bincike Hugh Clapperton ya iso birnin a Maris 1824, hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, aka damƙa shi. Waziri ne ya ba shi masauki, shi ne kuma tsanin sa zuwa wurin Sarkin Musulmi Bello. Clapperton ya sake dawowa a 1826, kuma a Sakkwato ajali ya same shi a Afrilu 1827. Abin lura shi ne, a tsarin mutanen da, ba a ba baƙo ɗaki a juya masa baya. Ana ba shi mutum, wanda zai zama idon sa da bakin sa a gari. Baƙo ai makaho ne ko da idon sa.

To, wannan shi ne abin da shotlet ɗin zamani ya yar a hanya. An bar mu da makulli a hannun maigadi da lambar wayar dillali. Ginin ya fi na da kyau, amma in ruwa ya ƙare ko rigima ta taso, ba ka da wanda za ka kira.

BAƘO MA DA NASA

Kada 'yan fim su ji daɗi su ce na wanke su. Masu gidajen da ke gudun su ba duka ne ke yin haka don ƙiyayya ba. Wasu sun ɗanɗana ne. An sha ba 'yan fim gida su bar shi kamar an yi yaƙi: an buga ƙusa a bango don rataya labule, an ja kujeru an karya ƙafa, robobin ruwa da ledoji ko'ina, an ce mutum goma za su kwana sai ga talatin, an ce kwana biyar sai a yi takwas ba ƙarin ko sisi. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma tawagar da ta zo daga baya ita ke biyan bashin.

Mu ma mun tafka tamu. A dare na shida wani yaro ya jingina fitilar aiki mai zafi a jikin katifa ya fita, kafin a ankara ta ƙone tafin hannu guda, ta kuma lashi labule. Allah ya kiyaye ba ta zama gobara ba. Wasu su ka ce a juya katifar a yi shiru, wa zai gani? Furodusa ya ce a'a. Da safe ya sami Baba a zaure ya durƙusa ya ce, "Baba, mun yi maka ɓarna." Baba ya je ya duba, ya ce a biya kuɗin katifa kamar yadda aka rubuta a takarda, labulen kuwa ya yafe. Bai ƙara ko kwabo ba, bai kuma canza mana fuska ba. Da a ce an ɓoye, ya gano bayan mun tafi, ina tabbatar maku ƙofar nan ta rufe ga duk wani ɗan fim har abada.

Ranar tafiya darakta ya hana kowa shiga mota sai da aka share ɗakuna, aka kwashe shara, aka wanke banɗaki. Manyan jarumai da tsintsiya a hannu! Na so in ɗauki hoton in kawo maku, su ka ce in na kuskura sai sun fasa kyamarar.

IN KAI NE ZA KA KAMA

Mai karatu, wataƙila kai ba ɗan fim ba ne. Amma wata rana biki zai kai ku wani gari ku da dangi, ko ziyarar Hubbare, ko rakiyar ƙanwa jarrabawa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko jinya. Ga abin da kwanakin nan su ka koya mani.

Kada ka tura kuɗi saboda hoto. In ba za ka iya zuwa ba, ka tura wanda ka yarda da shi ya buɗe famfo da hannun sa, ya kunna fanka, ya ƙirga katifu. In babu kowa, a yi kiran bidiyo a zagaya da kai a lokacin, ba tsohon bidiyo ba. Ka nemi yin magana da mai gidan kan sa, ka kuma san wanda zai amsa kiran ka da ƙarfe biyun dare. Ka faɗi gaskiyar ko ku su wane ne, ku nawa ne, da abin da ya kawo ku. Mai gidan da zai ƙi ku, gara ya ƙi ku tun ku na gida. A rubuta komai, har man janareta da kuɗin ɓarna. In da mata a tafiyar, a fara duba inda za su kwana da banɗakin su kafin na kowa. Kuma mai gidan da ya fara nuna maka aibin gidan sa da kan sa, riƙe shi da kyau.

Kuɗin da aka tura wa dillalin farko dai har mu ka baro Sakkwato ba su dawo ba, wayar sa kuma ba ta sake shiga ba. Fim ɗin an kammala shi a kwana tara maimakon takwas. Da mu ka zo sallama, Baba ya rako mu har bakin titi, ya ba furodusa ƙunshin kilishi, Inna kuma ta ba kowace yarinya turaren wuta. Jarumar nan da ta ce ba ta saba da takura ba, ita ce ta riƙa share hawaye da gefen mayafi har mu ka wuce Dange.

Idan fim ɗin ya fito, ku duba sunayen da ke bi a ƙarshe. A wurin godiya za ku ga an rubuta "Baba da Inna, Ƙofar Rini". Ba su fito a ko sin ɗaya ba, amma ba don su ba da babu fim ɗin. Allah ya saka masu da alheri, ya kuma haɗa mu da masu masauki na gari a duk inda dare ya yi mana.